Gishiri da Naɗin Kuromatin: Yadda Ake Binciken Lanƙwasar Zaren Gado a Ruwan Gwaji

 

An nemi in yi magana a kan wata tambaya da ta hana masana ilimin halitta sakat kusan shekara hamsin. A cikin cibiyar tantanin jikin ɗan Adam akwai zaren DNA guda 46, wato kuromosom, waɗanda in aka miƙe su aka haɗa baki da baki za su kai kusan mita 2. Ita kuwa cibiyar, faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Kuma ba cusa zaren aka yi a ciki aka rufe ba. Dole tantani ya iya kai wa ga duk sashen da yake bukata a lokacin da yake bukata, ya karanta, ya kwafa, ya gyara inda ya lalace. To yaya aka naɗe shi? Kuma da wane irin awo za mu gane?

Zaren ba shi kaɗai yake zaune ba. Yana manne da wasu furotin da ake kira histon, waɗanda Albrecht Kossel ya gano a Jamus a 1884. DNA da histon da sauran furotin da ke tare da su, su ne kuromatin. Matakin farko na naɗin ya daɗe da fitowa fili. A 1973 Hewish da Burgoyne a Ostireliya suka ga cewa idan inzayim mai yankan DNA ya ci kuromatin na hantar ɓera, ba ya yanka shi barkatai, guntayen da ke fitowa tsawonsu ninki ne na wani tsawo guda. A 1974 Ada Olins da Donald Olins suka nuna hotunan madubin ilektiron inda kuromatin ya fito tamkar carbi, ƙwaya-ƙwaya a jikin zare, kuma a shekarar ce Roger Kornberg ya bayyana abin da ƙwayar ta ƙunsa. Ita ce nukiliyosom: histon takwas, biyu-biyu daga nau'i huɗu, H2A da H2B da H3 da H4, sai DNA mai tagwayen harufa wajen 147 ta zagaye su sau ɗaya da kusan kashi biyu cikin uku. Faɗinta nanomita 11, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ɗan zare na haɗi. A 1997 Karolin Luger da Timothy Richmond a Zurich suka fitar da cikakkiyar siffarta ta hanyar haska daskararren kiristal ɗinta da eksire. A nan babu gardama.

Gardamar tana mataki na gaba. A 1976 John Finch da Aaron Klug a Kambirij ta Ingila suka nuna cewa idan aka sa wa jerin nukiliyosom ɗan gishirin magnesiyam, yakan murɗe ya zama igiya mai kaurin nanomita 30. Suka ce murɗiya ce guda, kowace nukiliyosom na bin ta gabanta, wajen shida a kowane zagaye. Zanen nan ya shiga littattafan makaranta na duniya, na tabbata da yawanku kun zana shi a jarrabawa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan fagen sai an tambayi yadda aka yi ganin. Kafin a sa abu a madubin ilektiron na wancan zamani, sai an ƙafar da shi da sinadari, an shimfiɗa shi a faranti, an rina shi da gishirin ƙarfe mai nauyi, an busar da shi sarai. Kiristal kuma yana bukatar kowace ƙwaya ta tsaya cak a siffa ɗaya da sauran. Kuromatin kuwa a ruwa yake rayuwa, yana motsi. Dalilin ke nan da ya sa aka koma neman hanyoyin auna shi yana cikin ruwansa.

Kafin mu shiga na'urori, ku riƙe abu ɗaya, don duk laccar a kansa ta rataya. DNA tana ɗauke da cajin nagetif a duk tsawonta, saboda haka sassanta suna ture juna. Histon suna da cajin fozitif, amma abin da suke kashewa bai wuce kusan rabin cajin DNA ba. Ragowar, gishirin da ke narke a ruwan ne ke rufe shi. In gishiri ya yi kaɗan, jerin zai miƙe. In aka ƙara, sai ya fara tattaruwa. Magnesiyam, da yake cajinsa biyu ne, ɗan kaɗan daga cikinsa yana yin aikin da sai an zuba sodiyam mai yawan gaske. Ana auna yawan gishirin da milimola. Don ku kwatanta: ruwan da ake ƙara wa majiyyaci a asibiti, mai giram 9 na gishiri a lita, milimola 154 ne. A cikin tantani akwai fotasiyam kusan milimola 140 zuwa 150, da sakakken magnesiyam da bai cika wuce milimola 1 ba. Ashe ke nan mai bincike, tun lokacin da yake haɗa ruwan gwajinsa, ya riga ya sa hannu a amsar da zai samu.

Daga ina ake samo kuromatin ɗin da za a auna? Na farko, daga jinin kaza. Jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsaye suna da cibiya, ba kamar namu ba, kuma kuromatin ɗinsu a tattare yake ƙwarai saboda wani histon na haɗi da ake kira H5, ɗan'uwan H1 da ke jikinmu. Ana fasa ƙwayoyin, a wanke cibiyoyin, a sa inzayim ɗin da ake samu daga wata bakteriya ya ɗan yanka zaren haɗi, sai dogayen guntaye su narko cikin ruwa. Yawancin abin da aka sani a shekarun 1970 da 1980 daga nan ya fito. Matsalarsa ita ce babu guntaye biyu da suke daidai: wannan nukiliyosom ashirin, wancan hamsin, tazarar ma ba ɗaya ba. Abin da ka auna matsakaici ne na tarkace.

Sai aka koyi gina kuromatin da hannu. A 1985 Robert Simpson ya ɗauki wani guntun DNA daga bushiyar teku, wanda histon ke son zama a kansa a wuri guda, ya jera shi sau 12, kowane maimaici harufa 208. A 1998 Peggy Lowary da Jonathan Widom a Amurka suka tace ɗimbin jerin harufa na ƙirƙira, suka zaɓo wanda ya fi riƙe histon, wanda har yau ake kira 601. Su kuma histon ana sa bakteriya ta ƙera su, don su fito ba tare da wata alamar sinadari a jikinsu ba. Ana haɗa DNA da histon a ruwa mai gishiri da yawa, wajen giram 117 a lita, inda ba sa kama juna. Sai a zuba su a jakar tacewa da gishiri ke iya ratsawa, a yi ta rage gishirin a hankali cikin sanyi, kwana ɗaya ko fiye. Yayin da gishirin ke raguwa H3 da H4 su fara zama, H2A da H2B su biyo baya. In ka yi gaggawa, dunƙule za ka samu. In histon ya yi kaɗan, za a bar gurabe, jerin kuma ba zai naɗe ba. In ya yi yawa, ya manne ko'ina. Wanda duk ya yi wannan aiki zai gaya muku cewa rabin wahalar binciken a nan take, kafin a kunna kowace na'ura.

Na'urar da ta fi yi wa wannan fage hidima tsohuwa ce. Theodor Svedberg ya ƙera ta a Uppsala ta ƙasar Suwidin a shekarun 1920, ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1926. Santirifuj ce, wato na'urar juyi, amma mai taga. Tana iya juyi har sau 60,000 a minti, ko da yake kuromatin ba ya bukatar kusa da haka. Yayin da take wulwula samfurin, ana haska shi ta tagar da hasken da DNA ke sha, mai tsawon zango nanomita 260, ana bin yadda yake nitsewa zuwa gindin ma'ajin. Saurin nitsewar ya dogara da abu biyu: nauyi, da yadda ruwa ke riƙe abin. Miƙaƙƙen abu ruwa na ja masa birki, dunƙulalle kuwa yana wucewa da sauri. Tunda jerin nukiliyosom 12 nauyinsa ɗaya ne ko ya miƙe ko ya naɗe, duk canjin da aka gani a saurin daga siffa yake. Ma'aunin saurin ana kiransa S, don tunawa da Svedberg.

Ga abin da Jeffrey Hansen da abokan aikinsa suka samu tun daga ƙarshen shekarun 1980. Nukiliyosom guda tana nitsewa a 11S. Jerin 12 a ruwa mai ƙarancin gishiri, 29S. In aka ƙara gishiri, sai ya kai wajen 40S. Da magnesiyam milimola 1 zuwa 2, yana iya kaiwa wajen 55S, wanda ya yi daidai da cikakkiyar igiyar nanomita 30. In aka ƙara magnesiyam gaba da haka, sai wani abu dabam ya faru: jeri ya daina naɗewa a kan kansa kawai, ya fara kama maƙwabtansa, su zama manyan curi. In aka janye magnesiyam ɗin, curin ya warware. Shekaru da yawa wasu suna ɗaukar wannan curi a matsayin lalacewar samfuri. Za mu dawo kansa.

Alfanun wannan hanya shi ne tana ba ka damar canza abu ɗaya tak ka ga abin da zai biyo baya. Kowane histon yana da wutsiya da ke leƙowa waje. An yanke wutsiyoyin ɗaya bayan ɗaya, sai ɗakin gwajin Richmond ya nuna a 2003 cewa ta H4 ce ba a iya yi ba tare da ita ba. Ita ce ke miƙawa ta kama wani fili mai cajin nagetif a fuskar H2A da H2B na nukiliyosom maƙwabciya. A 2006 Michael Shogren-Knaak da Craig Peterson suka liƙa ƙaramin sinadarin asitil a gurbi guda na wannan wutsiya, laisin ta 16. Wannan kaɗai ya hana jerin naɗewa sosai, kusan kamar an cire wutsiyar gaba ɗaya. A ganina wannan yana cikin gwaje-gwaje mafi kyau a fagen, don ya haɗa alamar sinadari da tantani ke amfani da ita wajen buɗe ƙwayoyin gado da canjin siffa da za a iya aunawa. A shekarar ce ma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da vorinostat, maganin wani nau'in sankarar jini da ke bayyana a fata, wanda aikinsa hana cire irin wannan asitil ne.

Amma na'urar Svedberg lamba ɗaya take ba ka. Siffofi biyu mabambanta suna iya nitsewa da sauri ɗaya. Ba za ta gaya maka ko murɗiya ɗaya ce irin ta Klug ba, ko kuwa zaren haɗi yana tsallakawa daga gefe zuwa gefe ne, nukiliyosom ta farko ta hau kan ta uku, ta biyu ta hau kan ta huɗu, kamar yadda Christopher Woodcock da wasu suka yi ta faɗa. Dabarar da Benedetta Dorigo da Richmond suka yi a 2004 ta burge ni. Suka canza gurbi guda a wutsiyar H4 da guda a fuskar H2A, ta yadda in biyun suka taɓa juna za su ƙulle da sarƙar sulfa. Suka bar jerin 12 ya naɗe a ruwa, ya ƙulle, sannan suka yanke zaren haɗi duka. In murɗiya ɗaya ce, duka 12 za su fito a haɗe. In layi biyu ne, za a samu shida-shida. Shida-shida aka samu. Ɗakin gwajin Daniela Rhodes a Kambirij kuma, da dogayen jeri da histon H5, ya fitar da awon da ya fi dacewa da murɗiya ɗaya a 2006. A 2014 Guohong Li da Ping Zhu a Beijing suka daskarar da jerin cikin ƙanƙara nan take ba tare da busarwa ba, suka ga layi biyu da ke murɗe juna. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tsawon zaren haɗi, da gishiri, da kasancewar histon na haɗi, duk sun bambanta a hannunsu. Haka ma yake a halitta: tazarar maimaici a yis ɗin burodi harufa 165 ce, a jinin kaza sama da 200, a maniyyin bushiyar teku wajen 240.

Wata hanya ita ce a harba haske ta cikin ruwan a duba yadda ya watsu. Da niyutron aka warware wata tambaya ta farko a 1975 a Grenoble ta Faransa: shin DNA ce a waje ko histon? Ana gauraya ruwa da ruwa mai nauyi. In mai nauyin ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari, furotin yakan ɓace wa niyutron, DNA kaɗai ake gani. In ya kai kusan 65, DNA ce ke ɓacewa. Da aka gwada faɗin kowanne, na DNA ya fi, ashe ita ce a waje. An san haka shekara 22 kafin kiristal ɗin 1997 ya fitar da cikakkiyar siffar.

Labarin eksire ya fi ɗaci. Idan tazara ɗaya tana yawan maimaituwa a cikin samfuri, hasken da ya watsu yakan yi tudu a daidai wannan tazara. A 1983 Langmore da Paulson suka ga tudu a nanomita 6, da 11, da 30 a cikin cibiyoyi da kuromosom. Aka ce to ga shaida, igiyar nanomita 30 tana nan a cikin tantani. Sai a 2008 Mikhail Eltsov tare da Jacques Dubochet, wanda daga baya ya samu Nobel a 2017, suka yanka daskararrun tantanin ɗan Adam masu rabuwa suka duba, ba su ga igiyar ba. Kazuhiro Maeshima na Japan ya maimaita gwajin eksire a babbar tashar haske ta SPring-8, shi ma ya ga tudun 30. Amma da ya duba samfurin da kyau, sai ya tarar bayan kuromosom ɗin cike yake da ribosom, injinan ƙera furotin, waɗanda suka manne a lokacin tsarkakewa, kuma tazarar da ke tsakaninsu wajen nanomita 30 ce. Ya wanke su. Tudun 6 da na 11 suka tsaya, na 30 ya ɓace. An buga wannan a 2012. Kusan shekara talatin ana kafa hujja da tudun da, aƙalla a waɗannan kuromosom, datti ne ya haifar da shi. A 2017 ɗakin gwajin Clodagh O'Shea a Kalifoniya ya rina DNA a cikin tantani, ya ga sarƙoƙi marasa tsari masu kaurin nanomita 5 zuwa 24.

Hanyoyin awo a cikin ruwa da na ambata suna auna biliyoyin ƙwayoyi a lokaci guda. Na zamani suna kama ɗaya. Ana liƙa rini biyu masu ƙyalli a wurare biyu na jerin. In sun matso kusa, ƙasa da nanomita 10, na farko yakan miƙa wa na biyu ƙarfinsa, launin hasken ya canza. Da wannan Widom da abokansa suka nuna a 2005 cewa bakin DNA yakan zauna a naɗe kusan kwatan daƙiƙa, ya ɗaga na ɗan lokacin da bai wuce kashi ɗaya zuwa biyar cikin ɗari na daƙiƙa ba, ya koma. Ɗakin gwajin Beat Fierz a Lausanne ya nuna a 2018 cewa ita ma igiyar haka take, nukiliyosom suna hawa juna suna sauka, suna sauya abokin hawa. Akwai kuma matsefin leza da na maganaɗisu, inda ake ɗaure bakin jeri ɗaya a ɗan ƙaramin ƙwallo a ja. Cui da Bustamante suka fara da kuromatin na kaza a 2000. Abin da aka gano shi ne ƙarfin fikoniyutan 3 zuwa 4 ya isa ya raba nukiliyosom da maƙwabciyarta, alhali zare DNA daga jikin histon gaba ɗaya yana cin wajen 20. Ƙwayar tana da ƙarfi, igiyar kuwa sako-sako ce.

Yanzu mu koma ga curin nan da aka raina. A kwalbar gwaji kuromatin tsarma ne ƙwarai, kowane jeri shi kaɗai yake yawo, ba shi da abin kamawa sai kansa, don haka yakan naɗe ya zama igiya. A cikin cibiya kuwa cunkoso ne, wutsiyar H4 ba ta san bambancin nukiliyosom ta jerinta da ta jerin maƙwabci ba. A 2019 ɗakin gwajin Michael Rosen a Dallas ya nuna cewa a gishiri irin na tantani, jerin nukiliyosom sukan ware daga ruwa su zama ɗigo-ɗigo masu haɗewa da juna, asitil kuma yana narkar da su. Shekara guda bayan haka Hansen da Michael Hendzel suka ce a hannunsu curin ya fi kusa da daskararren abu. Da aka bi diddigi, muhawarar ta sake komawa kan abin da kowa ya zuba a ruwan gwajinsa da yadda ya shirya samfurinsa.

Hukuncina shi ne igiyar nanomita 30 gaskiya ce a kwalba, gaskiya ce kuma a wasu tantani da suka kusa daina karanta ƙwayoyin gadonsu, irin jinin kaza da maniyyin tauraron teku. A yawancin tantaninmu kuwa ba ita ce ke riƙe da gidan ba, kuma ya kamata mu malamai mu daina koyar da wancan zane kamar saukakke. Ku kuma ɗalibai, in kuka ɗauki takardar bincike a kan kuromatin, kafin ku kalli hoto ku duba sashen hanyoyi: milimola nawa na sodiyam, nawa na magnesiyam, akwai H1 ko babu, harufa nawa ne tazarar, kuma yaya kaurin samfurin.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da wutar lantarki ma ke yi mana wuya? Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro tana da ƙwayoyin gado wajen 60 na wani furotin da take sakawa a bayan jan ƙwayar jini. Ɗaya take buɗewa a lokaci guda, sauran ta kulle su a tattararren kuromatin, in garkuwar jiki ta gane wannan sai ta sauya wani. Kuma ba a samu histon H1 a jikinta ba. Ƙwayar cutar sammore da ciwon barci ita ma da irin wannan sauyin riga take tsira, kuma kuromatin ɗinta ba ya yin igiyar nanomita 30 ko a kwalba. Yadda kuromatin na waɗannan halittu ke tattaruwa bai samu ko kusa da kulawar da na kaza da na ɗan Adam suka samu ba, alhali mu ne ke kwana da cututtukan.

Santirifuj mai taga tana da tsada, tashar eksire kuwa sai an yi haɗin gwiwa da waje. Amma gwajin curi ba ya bukatarsu. Jinin kaza, ƙanƙara, inzayim mai yanka, farantin jel na raba DNA, ƙaramar santirifuj ta kan tebur, da na'urar auna haske a nanomita 260, su ke nan. Ka jera kwalabe, ka ƙara magnesiyam mataki-mataki, ka juya, ka auna abin da ya rage a ruwan sama. Ina roƙon shugabannin sassan kimiyyar sinadaran halitta da ke nan su sa wannan gwaji cikin darussan aiki na aji huɗu, masu neman digiri na biyu kuma su fara da shi kafin su nemi tafiya waje.